Yatsun da Suka Biyo Ni Indiya

Abu na farko da ƙasar Indiya ta nema a wurina shi ne yatsuna, kuma shi ne na kasa bayarwa.

Na ɗora hannu a kan gilashin na'urar da ke filin jirgi, ta yi ƙara ta kawo ja. Na sake ɗorawa, ta sake kawo ja. Jami'in ya miƙo mini tishu na goge, ya ba ni man shafawa na murza, duk a banza. Aikin ƙannena ne. Ana jibi zan tafi suka zaunar da ni a tsakar gidanmu na Kiyawa suka yi mini lalle har kan yatsu, wai ba za a ce Yaya Hajara ta shiga ƙasar mutane da farin hannu ba. Lallen ya kama ya yi baƙi ƙirin, ita kuwa na'ura ba ta ganin komai sai duhu.

Aka ware ni gefe, mutanen jirginmu suka wuce ɗaya bayan ɗaya. Can wata jami'a mai ƙiba ta zo ta kama hannuna, ta juya shi gaba da baya, ta yaba zanen, ta tambaye ni bikin wa aka yi. Na ce ba biki ba ne, karatu na zo. Ta ce karatun me?

"Gano zanen yatsa," na ce.

Matar nan ta yi dariya har da dafa tebur, ta kira abokan aikinta ta ba su labari, su ma suka dara. Daga ƙarshe ta kai ni gaban wata na'urar, ta riƙa danna yatsuna da ƙarfinta har aka samu huɗu suka fito, ta buga mini hatimi.

Kafin wannan tafiya, shekara goma sha ɗaya na yi ina aiki a ɗakin gwaje-gwaje na wata makaranta a Dutse, ina wanke kwalabe ina haɗa wa ɗalibai sinadarai. Sai aka fara maganar buɗe wani ƙaramin sashe na binciken takardu, wanda zai riƙa taimaka wa 'yan sanda, aka ce duk wanda ya samo horo shi zai riƙe. Wani ejan a Kano ya haɗa ni da wata kwaleji a kudancin Indiya, kwas na wata shida. Wasiƙar shiga ta zo da tambari mai ruwan zinare. Mahaifina, Baffa, ya sa aka kai bijimai biyu kasuwa. Maigidana ya ce na je, zai ji da yaran nan uku a gidanmu da ke unguwar Takur a Dutse.

Da na fito daga filin jirgi sai na ga adaidaita sahu jere, irin tamu sak, har fentin. Zuciyata ta ɗan kwanta. Na zaɓi ta wani dattijo mai furfura a gemu, na nuna masa adireshi. Muka yi ta tafiya cikin ruwan sama da itatuwan kwakwa har muka tsaya gaban wani shagon takalma. Kwalejin tana sama, in ji adireshi. Na hau bene da akwatina, na tarar da ƙofar ƙarfe da kwado, allon sunan ya karkace, gizo-gizo ya yi saƙa a jikinsa.

Mai shagon takalma bai ko ɗago kai sosai ba. Ya ce ni ce ta biyar da ta zo da akwati a bana. Mutumin da ya kama ɗakin ya kwashe kujerunsa tun kafin damina.

Na zauna a kan akwatin nan a bakin titi, na ce innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Sai na ji an amsa a bayana. Ashe mai adaidaitar bai tafi ba. Sunansa Yusuf, Turancinsa bai fi cikin cokali ba, amma ya gane komai. Ya nuna akwatin, ya nuna kekensa, ya ce, "Gida. Mata. Shinkafa."

Na tsaya ina wasi-wasi, domin yanzun nan aka gama cuta ta. Ya ciro waya ya kira, ya miƙo mini. Muryar mace na ji, tana ta zuba da yarensu, ban tsinci komai ba sai sallama da kuma wani sauti na faɗa irin wanda uwa take yi wa ɗan da ya tsaya cikin ruwan sama. Na shiga keken.

Matarsa, Subaida, ta ba ni ɗakin 'yarta da ta yi aure. Bayan na yi sallar la'asar na kira maigidana na gaya masa komai, ban rage ba. Ya saurare ni har na gama. Sannan ya tambaya ko na ci abinci. Na ce na ci. Ya ce ko mutanen da nake wurinsu na kirki ne. Na ce da alama.

"To Maman Ummi, kada ki yi saurin haɗa kaya," in ji shi. "Ki ba abin kwana goma. Baffa kuma ki bar mini shi, ni zan je Kiyawa na gaya masa da bakina."

Washegari Malam Yusuf ya kai ni ofishin 'yan sanda. Wanda ya saurare ni ya bayyana mini inda matsalar take: baƙo mai bizar karatu dole wata makaranta ta gaskiya ta yi masa rajista cikin mako biyu, in ba haka ba sai gida. Ya karɓi wasiƙar da hantsaki, ya tambaye ni mutum nawa suka taɓa ta. Na fara lissafi. Baffa, Inna, limamin unguwa da ya yi mata addu'a, ƙannena biyar, maigidana, shugabana a wurin aiki, maƙwabciyarmu. Ban kai rabi ba ya ɗaga hannu ya ce ya isa. Ya ɗauki hotonta ya mayar mini. Amma da ya leƙa cikin ambulan sai ya ga wata 'yar takarda ta liƙe a can ƙasa, wadda ni kaina ban san da ita ba. Ita ya riƙe da ambulan ɗin. Zan fita ya rubuta mini sunan wata tsohuwa da ta yi shekaru tana wannan aiki a gwamnati, yanzu tana koyarwa a wata ƙaramar kwaleji. Ya ce ba ya yi mini alkawarin komai, matar ba ta da sauƙi.

Tsohuwar, Dakta Lila, 'yar ƙarama ce, kanta fari fat, ga sari, wato zanen matan Indiya, ga takalmin kambas. Ɗalibanta suna kiranta Amma, wato uwa a yarensu. Daga baya na gaya mata ma'anar kalmar a Hausa, ta ce sunan ya dace, domin ba ta taɓa yabon aiki ba tare da ta biyo shi da ita ba.

Ranar farko ba ta dubi takarduna ba. Ta ji labarina a tsaye, ta ɗauko wani kofin gilashi mai maiƙo ta ce na wanke. Raina ya ɗan sosu, na ce a zuci na tsallako teku don na ci gaba da wanke-wanke. Amma na naɗe hannun riga na wanke shi yadda na saba, na ɗauraye sau uku. Ta zuba ruwa a ciki ta juye, ta ɗaga shi sama tana kallo. Ruwan ya sauka sumul, ko ɗigo bai maƙale ba.

Ta dube ni ta kaɗa kai hagu da dama. Na ɗauka a'a take nufi. Na yi godiya, na ɗauki jakata na nufi ƙofa. Sai na ji ta ce ina zan je, ga fom can ban cike ba. A ranar na koyi cewa a ƙasar nan wannan kaɗa kai yana nufin to.

Saura kwana uku wa'adina ya cika aka gama rajista. Kuɗin da ya rage a hannuna bai kai ba, Dakta Lila ta shirya da kwalejin na riƙa kula da kayan gilashi da rana a madadin sauran. Wanke-wanken dai bai bar ni ba.

Darasinta na farko, ta sa na dafa farar takarda da tafin hannu na ɗaga. Ta ce me na gani. Na ce babu komai. Ta ce takarda mai ƙishirwa ce, duk wanda ya taɓa ta sai ta sha guminsa ta ɓoye a cikinta, shi ya sa hodar da ake barbaɗa wa gilashi ko ƙofar mota ba ta cika aiki a kanta ba. Sai dai a aika wani sinadari ya shiga ciki ya kira gumin ya fito.

Muka fara da aidin. Ana ɗumama ƙwayoyinsa a cikin akwatin gilashi, hayaƙin ya tashi ya bi takardar, zane ya fito ruwan ƙasa. Na farko da na yi, na tsaya ina murna ina kiran 'yan ajinmu su zo su gani. Kafin su iso ya dushe ya ɓace. Dakta Lila ta ce aidin baƙo ne mai sauri, kyamara ake fara saitawa kafin a gayyace shi.

Sai ninhaidirin, wanda shi ne jigon aikin. Ana tsoma takarda a ruwansa, a shanya, a ba ta lokaci. Yana haɗuwa da wasu sinadarai da ke cikin gumi sai ya rine shunayya, kamar bawon jar albasa, kowane layi na yatsa ya fito fili. In takarda ba ta jiƙe ba, ko ta yi shekaru a akwati yana iya tono hannun da ya taɓa ta. Amma yana da halinsa. Na tsoma wata takarda mai sa hannu ba tare da na ɗauki hotonta ba, tawadar ta narke ta bi ruwa. Na tsoma rasit irin na kanti, ya yi baƙi gaba ɗaya. Wata rana kuma safar hannuna ta huje ban sani ba. Lallena bai daɗe da gogewa ba, sai ga yatsu uku sun koma shunayya. Subaida ta gani ta firgita, ta dafa mini wani ganye mai ɗaci ta tsaya a kaina sai da na shanye.

Akwai wani kuma da ba ya nuna komai a hasken rana. Sai an kashe fitila, an haska koren haske, an sa tabarau ruwan goro, sannan zanen ya kama walƙiya kamar garwashi. Na ƙarshe shi ne ruwan azurfa, na takardar da ruwa ya taɓa jiƙawa. Ruwa yana wanke gumi amma ba ya wanke maiƙon fata, shi kuma wannan maiƙon yake bi. Ba ya yafe ƙazanta ko kaɗan, in kwano bai wanku ba komai zai yi baƙi. A nan na fi kowa a aji, na kuma gane dalilin kofin ranar farko. Kowanne da layinsa, in ji Dakta Lila: ido, kyamara, sannan sinadarai daga mai sauƙi zuwa mai tsanani. Wanda ya tsallake layi ya kashe shaida, kuma shaidar takarda ba ta da ta biyu.

A wata na uku kewar gida ta kama ni sosai. Komai na garin nan da kwakwa ake yi, har kifi. Na yi mafarkin fura da nono ya fi a ƙirga. Ran nan na ciro kuka da daddawar da Inna ta cusa mini a akwati, na roƙi Subaida aron murhu. Daddawa na shiga tukunya, maƙwabcin sama ya sauko yana tambaya ko kwata ce ta fashe. Malam Yusuf ya ci loma biyu don kara, hawaye na zubo masa. Subaida kuwa ta cinye kwanonta ta nemi ƙari, daga nan duk Juma'a sai mun yi.

Abin da ya fi damuna Ummi ce, autata mai shekara huɗu. Da farko tana kuka a waya tana cewa na dawo. Daga baya ta daina. In an ba ta wayar sai ta ce tana wasa. Wannan ya fi kukan ciwo.

Dakta Lila ta lura aikina ya yi sanyi. Wata Asabar da safe, babu kowa a ɗakin gwaji sai mu biyu, ta ce ina wasiƙar bogin nan? Na ce tana ƙasan akwati, ba na son ganinta. Ta ce na kawo. Ta riga ta gaya mini ba zan taɓa ambulan da 'yar takardar da ke hannun 'yan sanda ba, domin mai ƙara ba ya gwada shaidarsa da kansa. Amma wasiƙar tawa ce, ba ta da amfani a kotu, sai na yi atisaye da ita.

Na ɗauki hotonta, na tsoma, na shanya. Muka sha shayi. Da muka dawo, na je na duba.

Takardar ta cika maƙil. Yatsu a kan yatsu, manya da ƙanana, gefe da gefe har bayanta, sun kusa rufe tambarin zinaren. Dakta Lila ta ce a duk shekarunta ba ta taɓa ganin takarda ɗaya da mutane suka yi wa wannan taron dangi ba. Na ɗauki gilashin ƙara girma na fara bi. A kusurwar dama ga wani babban yatsa mai faɗi, da farin layi ya ratsa shi a karkace. Na san wannan tabon. Igiyar saniya ce ta yanke Baffa tun ina yarinya. Ba ya karanta boko, amma ranar da wasiƙar ta zo ya riƙe ta ya fi minti goma. Can ƙasa kuma, daidai inda ɗan ƙaramin mutum zai iya kaiwa in ya yi ɗage a bakin tebur, ga wasu 'yan mitsi-mitsi guda huɗu a jere.

"Wannan fa?" in ji Dakta Lila.

"Ummi ce. Na hana ta taɓawa."

"Ba ta ji ba."

Na yi dariya, na yi kuka, na sake dariya. Ta bar ni sai da na gama, sannan ta ce aikin ya yi kyau, amma na bar takardar ta daɗe a ruwa.

Na tura hoton gida. Maigidana ya ce Ummi ta musanta, ta ce ba ita ba ce, sannan ta karɓe wayar ta shafe rabin awa tana tambayata yadda aka yi na gani daga nan. Baffa kuwa da aka nuna masa nasa, aka ce ya daɗe yana duba babban yatsansa, sannan ya ce a gaya mini bijiman ba su tafi a banza ba.

Saura wata guda na gama, ɗan sandan nan ya kira ni. Ɗakin bincikensu ya samu zane ɗaya tak a jikin 'yar takardar da ta liƙe a ambulan, a ƙarƙashin koren haske, kuma ya dace da na wani da suka taɓa kamawa a wani gari. Sun same shi ya buɗe sabuwar kwaleji a saman shagon ɗinki. Na je na ba da shaida. Abin da ya ci nawa bai dawo ba, amma an rufe ƙofar kafin wata ta hau benen da akwati.

Na ci jarrabawa. Subaida ta riƙe ragowar daddawar ta ce ba za ta bayar ba. Malam Yusuf ya kai ni filin jirgi ya ƙi karɓar ko sisi. Dakta Lila ba ta rako ni ba, ta ce tana da aji.

Na sauka Dutse a tsakiyar bazara. Mako biyu da dawowata aka ce na zo na nuna abin da na koyo, a gaban shugaban makarantarmu da wani babban jami'in 'yan sanda. Daga abin da suka gani za a yanke ko a ba ni ɗakin da aka ware wa sabon sashen ko a mayar da shi sito. Jami'in dattijo ne mai raha, amma ya faɗa mini gaskiya cewa shi bai yarda takarda tana riƙe hannu ba. Na ba shi farar takarda ya dafa, na tsoma, na shanya, na ce a ba ni minti ashirin.

Minti ashirin suka wuce, takarda fara tas. Aka ƙara goma. Shugabanmu ya fara duba agogo, jami'in ya fara ba da labarin wani boka da ya taɓa kamawa. Gumi ya jiƙa mini mayafi. Na bi komai a kaina, awo daidai, sinadari sabo. Sai na dubi takardar da ke maƙale a igiya, ta bushe ƙayau har tana lanƙwashewa, na gane. Ninhaidirin yana son zafi da laima. A can iskar kanta jiƙaƙƙiya ce, ko ba ka nema ba tana yi maka rabin aiki. A nan kuwa zafi ne zalla, in an bar ta haka sai ta kwana biyu ba ta nuna ba. Ga shi an ɗauke wuta, balle na jona wani abu.

Na ce su yi mini haƙuri minti biyar. Na fita da sauri har bakin get, wurin Malam Sabo mai shayi, na ce ya ara mini butarsa yadda take tafasa. Ya ce, Hajiya, da mutane a kan benci fa. Na ce su ma su zo su gani. Haka muka shigo ofis, ni a gaba, Malam Sabo da buta a naɗe da tsumma, masu shan shayi uku a baya da kofunansu.

Na kama takardar da hantsaki na riƙe ta sama da bakin butar, nesa kaɗan don kada ta jiƙe, ina kai ta ina kawowa cikin tururi. Da farko wani ɗan duhu ya bayyana a tsakiya. Sai layuka suka fara fitowa, suna zagaye suna haɗuwa, yatsa ɗaya, biyu, har biyar, da tafin hannu gaba ɗaya.

Jami'in ya sa tabarau ya sunkuya. Ya dubi takardar, ya dubi hannunsa, ya goge shi a jikin wando. Ya ce wa shugabanmu a ba ni ɗakin, a kuma saya mini buta tawa.

Aka kawo takardar halarta don kowa ya sa hannu. Da ta iso gabansa ya miƙa hannu zai jawo ta, sai ya fasa. Da gindin biro ya jawo ta.